Balan-balan Ɗinkin Gida: Inda Keke Ya Isa Da Inda Bai Isa Ba

Balan-balan mai tashi da zafin iska ba shi da inji, ba shi da fiffike, ba shi da sitiyari. Ƙaton buhu ne na yadi, da kwando rataye a ƙarƙashinsa, da murhun gas a tsakaninsu. Mafi yawan jikinsa a kan keken ɗinki ake haɗa shi. Shi ya sa duk mai kan ƙere-ƙere da ya ga hotunansu suna shawagi a Kafadokiya ta Turkiyya ko a dajin Masai Mara na Kenya yakan tambayi kansa: to, me zai hana in haɗa nawa? Tambayar tana kan hanya, kuma ana yi. A Amurka da Turai akwai mutanen da ba sana'arsu ke nan ba, waɗanda suka shimfiɗa yadi a falo ko a gareji suka yanka, suka ɗinka, hukuma ta duba ta ba su takarda, suka tashi lafiya suka sauka lafiya. Sai dai abin yana da sharuɗɗa, kuma wahalarsa ba ta faɗo a inda yawancin mutane ke zato ba.

Mu fara da abin da ke ɗaga shi. Iska tana da nauyi, ko da yake ba ma jin sa a kafaɗa. A bakin teku, ranar da zafi yake digiri 15 a ma'aunin Salsiyos, kowane kubik mita na iska yana da nauyin kilo 1.2 da 'yan kai. In aka gasa ta zuwa digiri 100 sai ta buɗe, wata ta fice ta bakin buhun, abin da ya rage a kubik mita ɗaya bai cika kilo 0.95 ba. Tazarar da ke tsakani, wato kimanin giram 280, ita ce duk ƙarfin ɗagawar da ake samu daga kowane kubik mita. Dalilin da ya sa balan-balan mai ɗaukar mutum ba ya yiwuwa ƙarami ke nan. Matsakaicin da ke ɗaukar mutum uku yana cin kubik mita wajen 2,200, faɗinsa ya kai mita 16, tsayinsa ya doshi 20, amma duk girman nan abin da yake iya ɗagawa bai wuce kilo 600 da kaɗan ba. A cikin 600 ɗin za a cire nauyin buhun kansa, wajen kilo 100, a cire kwando da murhu da tukwanen gas cike. Rabi ya tafi tun mutum na farko bai sa ƙafa ba. Wanda bai zauna da biro da takarda ya yi wannan lissafi ba, kada ya sayi ko yadi ɗaya.

Tarihin abin kansa na masu sha'awa ne. Joseph da Étienne Montgolfier masu sana'ar takarda ne a garin Annonay na Faransa. Ranar 4 ga Yuni, 1783, suka saki buhun yadi mai shafin takarda a gaban jama'a, ya tashi ba kowa a ciki. A watan Satumba aka ɗora tunkiya da agwagwa da zakara a fadar Versailles a gaban Sarki Louis na 16, sannan ranar 21 ga Nuwamba mutum biyu, Pilâtre de Rozier da Marquis d'Arlandes, suka keta sararin birnin Faris na kimanin minti 25. 'Yan'uwan nan sun ɗauka hayaƙi ne ke ɗaga buhun, don haka suke ƙona bambaro da ulu. Fahimtarsu ta karkace, amma abin ya tashi. Bayan haka balan-balan mai gas mara nauyi ya ture mai wuta gefe na tsawon shekaru fiye da 170, domin riƙe wutar bambaro a ƙarƙashin yadi ba abin da hankali ke kwanciya da shi ba ne. Sai ranar 22 ga Oktoba, 1960, a Bruning ta jihar Nebraska, Ed Yost ya tashi da buhun nailan da murhun gas ɗin furofen, ya yi fiye da awa ɗaya da rabi a sama. Duk balan-balan na zamani daga nan ya samo tushe. A Ingila kuwa wasu 'yan kulob ɗin jirage marasa inji ne a Bristol suka haɗa ɗaya a 1967, suka sa masa suna Bristol Belle. Ɗaya daga cikinsu, Don Cameron, ya ci gaba da ɗinki a ɗakin ƙarƙashin gidansa, ya kafa kamfanin Cameron Balloons a 1971, wanda ya zama cikin manyan masu ƙera balan-balan a duniya.

Amma labarin da ya fi koyar da mai son ɗinkin gida ya faru ne a tsohuwar Jamus ta Gabas, kuma ya cancanci a tsaya a kansa.

Peter Strelzyk ma'aikacin lantarki ne, Günter Wetzel kuma magini, dukansu a garin Pößneck. A 1978 suka ƙudura tsallake iyakar da aka kewaye da waya da nakiyoyi zuwa Jamus ta Yamma tare da iyalansu. Ba wanda ya taɓa hawa balan-balan a cikinsu. Suka sayi yadin auduga mai ɗimbin yawa, suka ce wa masu kanti na tantuna ne, Wetzel ya zauna a kan tsohon keke ya ɗinka. Da suka kai shi daji cikin dare, ya ƙi cika. Audugar tana zubar da iska ta ƙofofin saƙarta fiye da yadda murhu ke zuba ta. Abin da suka yi bayan wannan asara shi ya fi burge ni a duk labarin: suka koma gida suka haɗa ɗan abin gwaji da injin zuƙar ƙura, suka riƙa auna yadi iri-iri, wanne ke riƙe iska, wanne ke jure zafi. Yadin laima ya fi kyau amma ya yi tsada, suka zaɓi tafeta. Buhu na biyu ya cika, sai wuta ta gaza. Can Strelzyk ya gano cewa in aka kifa tukunyar gas, ruwan gas ɗin ne ke fitowa maimakon tururinsa, harshen wuta ya ninka. A farkon Yulin 1979 iyalin Strelzyk su huɗu suka tashi ba tare da iyalin Wetzel ba, suka shiga gajimare, yadi ya jiƙe ya yi nauyi, suka faɗo ƙasa da mita 200 kafin iyaka. Suka sulale suka koma gida, suka bar buhun a daji, 'yan sandan ciki suka tsince shi suka shiga cigiya.

Daga nan ya zama tsere da lokaci. Iyalan biyu suka sake haɗuwa, suka riƙa sayen yadi kaɗan-kaɗan a garuruwa daban-daban don kada a farga: tafeta, yadin laima, yadin tanti, har da zannuwan gado. Cikin makonni suka ɗinka buhu mai cin kubik mita wajen 4,000. Tsakar daren 16 ga Satumba, 1979, mutum takwas, manya huɗu da yara huɗu, suka tsaya a kan ɗan farantin ƙarfe mai shingen igiya. Wajen tashi dandamalin ya karkace, wuta ta kama bakin yadin, suka kashe ta. Saman buhun ya yage, dole aka riƙa hura wuta ba ƙaƙƙautawa, gas ya ƙare suna sama da mita 2,000. Bayan minti 28 suka faɗo kusa da garin Naila a Bavariya. Wetzel ya karye a ƙafa, sauran suka tsira. An yi fim biyu a kan labarin, ɗaya a 1982 ɗaya a 2018.

Masu ba da labarin sukan tsaya a kan jarumta, kuma jarumta ce. Ni abin da nake so mai karatu ya lura da shi daban ne. Duk abin da mutanen nan suka auna suka gwada a ƙasa, wato girman buhu da irin yadi, ya yi aiki. Abin da ba su da hanyar koya kuwa, sarrafa wuta da karanta sararin sama da sauka, shi ya kusa hallaka su har sau biyu. Su suna da uzuri, domin kurkuku na bayansu, ba kuma malamin da za su tambaya. Wanda ke yi don sha'awa ba shi da wannan uzuri, kuma bai halatta ya ɗora rayuwarsa ko ta wani a kan irin sa'ar da suka ci ba.

To, mu shiga ɗakin ɗinki. Yadin da ake amfani da shi nailan ne mara nauyi, wani lokaci foliyesta, wanda aka saƙa da zare mai kauri jefi-jefi a tsaye da a kwance, ta yadda in ƙaya ta huda shi yagewar za ta tsaya a ɗan murabba'i ɗaya. Ana shafa masa sinadari mai toshe ƙofofin saƙa. Nailan yana narkewa a wajen digiri 250, amma tun kafin nan zafi ke cin ƙarfinsa, shi ya sa masu ƙerawa ke iyakance zafin saman buhu a wajen digiri 120, matuƙa kuma suka fi son zama kusa da 100. A can ƙololuwa ana ɗinka wata alama da ke canza launi ko ta narke in zafi ya wuce ƙa'ida, domin a san an taɓa gasa yadin fiye da kima. Bakin buhun, inda harshen wuta ke wucewa, da yadin Nomex ake yin sa, irin wanda ake ɗinka wa 'yan kwana-kwana, domin ba ya kamawa da sauƙi. Zafi da hasken rana suna tsofar da nailan sannu a hankali. Buhu yakan yi sa'o'in tashi 300 zuwa 500 kafin ya gaji, kuma a duba na shekara-shekara ana damƙe yadin da maƙala a ja shi da nauyin kusan kilo 14 a ga ko zai yage. Yadin da ke kasuwa, ko da ya yi kama da wannan a ido da a hannu, ba wanda ya auna shi a kan ko ɗaya daga waɗannan. Nan ne wuri na farko da arha ke iya kashe mutum.

Sura ma da lissafinta. Buhun ba ƙwallo ba ne zagayayye. Sama ya fi faɗi, ƙasa ya tsuke. Ana kiran wannan sura ta ɗabi'a, domin a cikinta nauyi yana bin yadin daga sama zuwa ƙasa, ba ya jan sa ta gefe. Masu ɗinkin gida da yawa suna amfani da jadawalin da Justin Smalley ya fitar a shekarun 1960, yanzu kuma kwamfuta na fitar da awon cikin daƙiƙa. Ana raba buhun falle-falle, 12 ko 16 ko 24, kowane falle siriri a sama, mai faɗi a tsakiya, siriri a ƙasa, kowanne kuma an haɗa shi daga ƙananan ƙyallaye. Matsakaicin buhun da muka ambata yana cin yadi kusan murabba'in mita 1,000, tsawon ɗinkinsa in aka haɗa ya haura kilomita guda. Kuskuren santimita ɗaya a awon falle, in ya maimaitu sau 24, zai fito fili ranar da aka hura.

Ɗinkin kansa ba wani sirri gare shi ba. Ana naɗe bakin ƙyalle biyu cikin juna, a bi su da layi biyu na zaren foliyesta, galibi da keken masana'anta mai allura biyu. Duk telan da ya ƙware a Kano ko Zinder zai iya shi cikin yini ɗaya na koyo. Abin da aikin ke nema shi ne haƙuri da hannu ɗaya daga farkon layi zuwa ƙarshensa, har tsawon watanni. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne yadin ba shi ke ɗauke da kwando ba. A kan kowane haɗin falle ana ɗinka ɗamara mai ƙarfi daga ƙololuwa, inda duk suka haɗu a zoben ƙarfe, har zuwa baki, inda aka ɗaura su da wayoyin ƙarfe masu sauka zuwa firam ɗin murhu da kwando. Ɗamarun nan su ne ƙashin bayan balan-balan, yadi aikinsa riƙe iska kawai. Ana kuma ɗinka wasu a kwance domin su tare yagewa. A ƙololuwa akwai babbar ƙofa da aka toshe daga ciki da murfin yadi mai siffar lemar sojoji, dabarar da Tracy Barnes ya fito da ita a shekarun 1970. In matuƙi ya ja igiya, murfin ya sauko iska mai zafi ta fita. In ya saki, matsin iskar ciki ya mayar da shi. Awon igiyoyin murfin nan yana cikin wuraren da sabon hannu ya fi bukatar idon wanda ya taɓa yi, domin murfin da ya ƙi komawa mazauninsa a sama babbar musiba ce.

Kwando har yau saƙa shi ake yi da sandunan ratan ko na itacen wilo, domin yana lanƙwasa ya shanye bugun ƙasa wajen sauka, ya kuma koma yadda yake. Wayoyin ƙarfe suna ratsa ƙarƙashinsa, su ke ɗauke da nauyin mutane.

Sai wuta, kuma a nan nake so a saurara da kyau. Murhun balan-balan guda yana fitar da zafin da ya kai megawat 2 zuwa 3, wato kusan ninki dubu na kan murhun gas ɗin girki. Ba tururin gas yake sha ba. Ruwan furofen ne ke tasowa ta wani bututu daga gindin tukunya, ya bi tiyo da matsi mai ƙarfi, ya shiga naɗaɗɗen bututun ƙarfe da ke kewaye da harshen wuta, a nan ya zama tururi ya fita da ruri. Awa ɗaya tana iya cin lita 60 ko fiye. Furofen yana tafasa a digiri 42 ƙasa da sifili, don haka in ruwansa ya taɓa fata yana ƙona ta da sanyi. In ya zube, lita ɗaya tana zama tururi kusan lita 270, tururin kuma ya fi iska nauyi, sai ya kwanta a cikin kwando daidai ƙafafun mutane, ga wuta a saman kansu. Shi ya sa ba a cika tukunya fiye da kashi 80 cikin 100, ake ɗaure ta tam, ake kuma raba hanyar gas gida biyu domin in ɗaya ta lalace ɗayar ta riƙe. Tukunyar gas ta kicin da tiyonta da bawul ɗinta ba a yi su don wannan aiki ba, kuma gas ɗin girki sau da yawa butan ya fi yawa a cikinsa, wanda matsinsa bai kai na furofen ba. Dabarar kifa tukunya da Strelzyk ya yi ta mai gudun ceton rai ce, kada wani ya kwaikwaya.

Saboda haka al'adar masu ɗinkin gida da suka san abin da suke yi ita ce su ɗinka buhu da hannunsu, su sayi murhu da tukwane da tiyo na kamfani, sau da yawa na hannu waɗanda ƙwararre ya duba. Wasu kan ga kamar wannan ya rage wa aikin daraja. Ni ban ga haka ba. Mutum na iya duba ɗinkinsa taƙi bayan taƙi da idonsa, ya ja ya gwada, ya farke ya sake. Walda a jikin bututun gas ba ta nuna aibinta sai ranar da ta fashe.

Manyan haɗurra ma abin da suke nunawa ke nan. Ranar 26 ga Fabrairu, 2013, a Luksor ta Masar, gas ya zubo daga tiyo ana dab da sauka, wuta ta kama kwando, balan-balan ya sake cillawa sama, mutum 19 suka mutu. Ranar 30 ga Yuli, 2016, kusa da Lockhart a jihar Teksas, wani ya tashi cikin hazo da gajimare na ƙasa-ƙasa ya afka wa manyan wayoyin lantarki, mutum 16 suka rasu. A Carterton ta New Zealand a Janairun 2012, wayoyin lantarki ne kuma, mutum 11. Duk ukun na kamfani ne, ba ɗinkin gida ba, kuma ba ɗinki ne ya farke ba. Gas ne, da waya, da shawarar matuƙi.

Tuƙi shi ne rabin aikin da keken ɗinki ba ya koyarwa. Iskar da ke cikin matsakaicin buhu kaɗai ta kai tan biyu. Abu mai wannan nauyi ba ya jin magana nan take: in ka hura wuta, sai bayan daƙiƙoƙi za ka ga ya daina nutsewa. Matuƙi yana aiki ne da abin da zai faru nan gaba kaɗan, kuma wannan ji ne da ke shiga jiki a hannun malami. Hagu da dama ba a hannunsa suke ba. Yana hawa ko ya sauko ne ya nemi iskar da ta nufi inda yake so, domin iska takan bambanta daga tsayi zuwa tsayi. Ana tashi da sassafe ko dab da faɗuwar rana, lokacin da ƙasa ba ta tura zafi sama, kuma in iskar ƙasa ta wuce kilomita 15 zuwa 18 a awa, masu hankali sukan naɗe kayansu su koma gida. Ba kuma aikin mutum ɗaya ba ne. Akwai masu riƙe baki yayin da fanka mai injin fetur ke cika buhun da iska mai sanyi kafin a kunna murhu, akwai mai riƙe igiyar ƙololuwa, akwai masu bi da mota su ɗauko kaya duk inda aka sauka. Brian Boland na Post Mills a jihar Vermont, wanda ya ɗinka na farkonsa yana ɗalibi a farkon shekarun 1970, ya ɗinka fiye da ɗari a rayuwarsa, ya kuma riƙa shirya taron masu ɗinkin gida a filinsa shekara da shekaru. A Yulin 2021 ya faɗo daga kwando ya rasu, bayan shekara 50 yana wannan harka. Ina ambaton sa ne da girmamawa, domin a san cewa ko ƙwarewa ba ta cire haɗari, balle rashinta.

A gaban doka, balan-balan mai ɗaukar mutum jirgin sama ne. Amurka ce ta fi buɗe wa masu sha'awa ƙofa. Hukumarta ta FAA tana da rukuni na jiragen gwaji waɗanda mutum ya haɗa da kansa don ilimi ko nishaɗi, bisa sharaɗin shi ya yi mafi yawan aikin, abin da ake kira ƙa'idar kashi 51. Mai ginawa yana ajiye littafin aiki da hotuna, a yi wa abin rajista da lamba, sufeto ya zo ya duba, sannan a yi sa'o'in gwaji a wurin da aka keɓe kafin a ɗauki kowa. Ko bayan haka, haramun ne a ɗauki fasinja don kuɗi. Lasisin tuƙi na ƙashin kai yana bukatar aƙalla sa'o'i 10 na koyo a tashi shida, da jarrabawar rubutu da ta aiki. Akwai sassauci ga ƙaramin balan-balan na mutum ɗaya wanda nauyinsa bai kai kilo 70 ba, irin wanda matuƙi ke zama a ɗan kujera da tukunyar gas a bayansa; wannan ba ya bukatar lasisi a can, kuma da irinsa masu ɗinkin gida da dama ke farawa. Amma kowace ƙasa da dokarta. A ganina tsarin nan adalci ne: ya bar mutum ya ɗauki kasadar kansa bayan an duba aikinsa, ya hana shi sayar da kasadar ga wanda bai san komai ba.

Mu a nan fa? Sha'awar ƙera abin tashi ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A 2007 jaridun duniya sun ɗauki labarin wani ɗalibin Jami'ar Bayero a Kano da ya haɗa helikwafta da tarkacen mota. Wanda zai karkata ga balan-balan, abu na farko da zai ci karo da shi shi ne zafinmu. Tunda bambancin iskar ciki da ta waje ne ke ɗagawa, duk yadda waje ya yi zafi ƙarfi raguwa yake. Buhun da ke ɗaga kilo 600 da kaɗan a digiri 15, a digiri 35 abin da zai ɗaga wajen kilo 440 ne. Nauyin manya biyu ya tafi. Tudun Kano, mai tsayin kusan mita 480 daga teku, yana ƙara cire kashi 5 cikin 100. Jarabar da ke biyo baya ita ce a ƙara wuta, ƙara wuta kuma shi ne cin ran yadi. Safiyar hunturu ce ta fi dacewa da lissafi, amma tana zuwa da hazo mai rufe waya da iskar da ke tashi da hantsi. Damina da bazara kuwa hadari yana haɗuwa cikin ƙanƙanen lokaci. Ga ƙaya, ga kututturen kara a gonaki bayan kaka, ga haƙƙin mai gonar da za a sauka a cikinta. Sannan ga tsaro: a halin da ake ciki, abin da ya bayyana a sama ba sanarwa kusa da filin jirgi ko bariki yana iya jawo wa mai shi abin da ya fi faɗowa muni. A Najeriya hukumar NCAA ce ke rajistar jirage da ba matuƙa lasisi, kuma ƙofarta ya kamata a fara ƙwanƙwasawa, tun ba a yanka yadi ba.

Akwai matakin da kowa zai iya hawa gobe. Ɗan samfuri na siririyar baƙar leda, mai faɗin mita biyu ko uku, in aka cika shi da iska da safe aka bar shi a rana, zafin rana kaɗai yana ɗaga shi. A ɗaure shi da zare. A kansa ana koyon awon falle da haɗi da lissafin nauyi, kuma darasi ne mai kyau ga ajin kimiyya. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne sakin na takarda mai wuta a ciki. Irin waɗannan fitilu ne suka ƙone gidan birai na gidan namun dajin Krefeld a Jamus a daren shiga 2020, Brazil kuma ta haramta yin balan-balan masu jawo gobara da sayar da su da sakinsu tun 1998. A ƙasar da ke da rumbuna da ɗakunan ciyawa da dajin da ya bushe ƙayau a rani, wannan wasa da dukiyar mutane ne.

Hukuncina dai shi ne ɗinka buhun balan-balan aiki ne da mai sha'awa zai iya, kuma abin alfahari ne ga wanda ya kammala shi. Amma a bi shi a jere. Ka fara koyon tuƙi a hannun malami mai lasisi, ko da sai ka yi tafiya zuwa ƙasar da ake yi. Ka sayi yadin da aka yi don wannan aiki, ka sayi kayan wuta na kamfani. Ka sa wanda ya taɓa ɗinkawa ya duba aikinka, hukuma kuma ta sa hannu. Gwajin farko a yi shi a ɗaure da igiyoyi a fili mai nisa da wayoyin lantarki. In ɗaya daga cikin waɗannan bai samu ba, ɗan'uwa, ka tsaya a kan samfuri, kada ka hau, kada kuma ka ɗora ɗan kowa.